Tayin da Jimrau Ya Jira

Malam Jimrau ya yi dillancin shanu a kasuwar bisashe ta Dakoro tun gashin kansa yana baƙi har ya koma fari fat. Ba gajiya ce ta raba shi da kasuwa ba, gwiwoyi ne suka ƙi. Abokan sana'arsa wasu sun rasu, wasu ƴaƴansu sun kwashe su zuwa Maradi. Daga baya matarsa Zalika ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Ƴaƴansa mata suka zo, ɗaya daga Sabon Maci, ɗaya daga Ɗan Gulbi. Suka yi kuka, aka yi addu'a, suka koma gidajen mazansu.

Autansa Rashidu ne bai koma ba. Daga Yamai ya zo da jaka ɗaya da ordinata, wato kwamfuta. Ya share ɗakin mahaifiyarsa, ya sa teburi, ya kira wani ya kafa masa panon rana mai ba da lantarki a kan rufi, don kuran, wato wutar gari, yana yawan ɗaukewa. Kamfanin da yake yi wa aiki ya yarda ya zauna Dakoro har ya gama wani aiki da aka ɗora masa. In ya gama, sai a sake magana. Rashidu ya faɗi wannan sau ɗaya suna cin tuwo. Jimrau bai ɗaga kai daga akushi ba, amma maganar ta zauna masa a ƙirji. Yana son ɗansa ya zauna. Ba abin da ya rage masa yana so kamar wannan. Sai dai da ya faɗa da bakinsa, gara a cire masa harshen.

Da farko ba sa magana. Rashidu yana ɗaki tun safe, tsoho yana ƙarƙashin aduwar tsakar gida yana korar ƙuda. Wata rana bayan la'asar Rashidu ya fito ya hura gawayi, ya ɗora shayi, ya zauna yana murza ido.

Jimrau ya ce, "Wai kai Auta, mi kake yi ciki? Mutum shina zaune shi ɗaya, shina faɗa da allo."

Rashidu ya yi dariya. "Baba, masu rubuta wa na'ura umarni muke yi wa kayan aiki. Muna da wani mataimaki, ba mutum ba ne, basirar na'ura ce. Ka ce masa gyara mini kaza, sai ya shiga cikin rubutun ya gyara."

"To ya gyara mana. Kai mi ne naka?"

"Kintace yake yi. Rubutun yana da yawa, kowane abu da sunansa. Sai ka samu abu biyu masu suna ɗaya, wannan a nan, wancan a can. Shi kuwa da ya ga suna sai ya kama, ya gyara wanda ba shi ba."

"Baƙo ke nan. Ya ga jar saniya, ya ce ta wane ce."

"To akwai wata aba da ake kira sarbar harshe. Ita ba ta rubutu, ba ta gyara. A gefe take zama. Ta san asalin kowane suna, inda aka fara kafa shi, da duk inda ake kiransa. In an yi kuskure, nan take za ta ce ga shi. Aikina shi ne in koya wa mataimakin ya bar kintace, ya riƙa tambayarta."

Jimrau ya ce, "Dillali."

"Kusan haka."

"Ba kusan ba. Dillali ne. Shanun ba nasa ba, kuɗin ba nasa ba, amma ba ka sayen komi sai ka tambaye shi."

Rashidu ya miƙa masa kofin shayi. Ya ƙara da cewa harsunan da ake rubuta wa na'ura suna da yawa, kowane da tasa sarbar, dole mataimakin ya san wadda zai kira. Tsoho ya gyaɗa kai. Ya ce shi ma duk zamansa a kasuwa bai taɓa sa baki a cinikin raƙumi ba, raƙuma da nasu mutane.

Daga ranar suka samu abin magana. Kullum bayan la'asar Jimrau zai ce, "Yau dillalin naka ya zo kasuwa?" Rashidu kuma zai ba shi labari. Wata rana sarbar ta cika ordinata har ta sume, sai da ya koya wa mataimakin yadda zai tashe ta. Wata rana ta kawo kurakurai tuli, na yau da na bara, mataimakin ya rikice, sai da ya sa ana tace masa waɗanda suka shafi gyaran da ya yi kawai. Jimrau ba ya gane rabin abin. Amma yana saurare, yana tsaki inda ya ga ya dace. Ranar da aiki ya tafi daidai, shayin ba ya yi masa daɗi. Ranar da Rashidu ya fito da fuska a murtuke, tsoho yana shan kofi uku, har ya nemi ƙari. Ya san wannan ba hali mai kyau ba ne. Bai daina ba.

Mai kawo musu abinci Hawwa'u ce, taubashiyar Jimrau, da ke zaune a gidan da ke bayan nasu. Tsohuwa ce mai baki. Ita kaɗai ke gaya masa abin da ta ga dama, don tsakaninsu akwai wasa tun suna yara. Wata rana da hantsi ta ajiye ƙwaryar hura a gabansa, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Bawana, na ji ka jiya kana sassaƙar yaron nan. Hannunsa laushi kamar na amarya, bai iya ɗaure akuya ba, ya ƙi aure, shina cinye maka hatsi. Wane hatsi? Shi ke cika rumbun."

"Ina ruwanki?"

"Ruwana in ya tafi, ni za ka bari da wannan fuska taka kamar busasshen ƙirgi. Ka ce masa ya zauna mana."

"Ke ba ki san ciniki ba."

"Ɗanka ne, ba bijimi ba."

"Duk ɗaya ne," in ji Jimrau.

Kuma har zuciyarsa haka ya ɗauka. A kasuwa ya koyi zaman duniya, bai san wata makaranta ba. A can, saniyar da kake so ita ce ba ka kallo. In ka kalle ta, to don ka nemo mata aibu ne: ƙafa ta karkace, haƙori ya zube, gashi ya tashi. Aka yi maka tayin farko, ka kau da kai. Ka kaɗe riga ka kama hanya, a hankali, kunnenka a baya. Mai kaya zai kira ka. Kullum yana kira. A tayi na biyu ko na uku ake faɗin gaskiya, a tafa hannu, a sallama. Wanda ya amsa tun farko, ƙwadayinsa ya fito fili, har yaran kasuwa sai sun yi masa dariya. Jimrau bai taɓa bari an yi masa wannan dariya ba.

Sai aikin ya cije. Bazara ta kama sosai, ɗaki ya zama tanda, Rashidu ya rame. Abin da ke faruwa shi ne, wani lokaci mataimakin zai tambayi sarba ina da ina ake kiran sunan kaza, ita kuwa ta dawo masa da amsa wayam. Sai ya ɗauka ba mai amfani da abin, ya goge shi, aiki ya rushe. Wani lokaci kuma tambaya ɗaya, amsa cikakkiya. Rashidu ya bi ta nan, ya bi ta can. Ya zargi rezo, wato layin intanet, ba rezo ba. Ya zargi ordinatarsa, abokan aikinsa na Yamai suka ce su ma suna gani jifa-jifa. Jimrau ya ji daɗin waɗannan makonni fiye da yadda zai iya faɗa. Har ya sa aka sayo masa sabuwar butar shayi.

Wata ranar kasuwa da hantsi, ana jin kukan shanu daga nesa, Rashidu ya leƙo daga ɗaki.

"Baba, zo ka gani."

Tun rasuwar Zalika, Jimrau bai taka ɗakin nan ba. Ya dogara sanda, ya tuɓe takalmi, ya shiga. Gadonta yana nan a jikin bango, an tara littattafai a kai. Bai dubi wajen sau biyu ba.

Rashidu ya ce, "Na gano. Ba ƙarya take yi ba. In an tashe ta, sai ta zagaya rubutun duka tukuna, ta san kowa. Shi kuwa mataimakin gaggawa gare shi, yana tambaya tun ba ta gama zagaye ba. Ba ta da abin faɗa, sai ta yi shiru, shi kuma ya ɗauki shirun amsa. A ƙaramin aiki ba a gani, don nan da nan take gamawa. Yanzu na sa ya jira har ta ce ta shirya. In ta daɗe, ya gaya wa mai aiki cewa bai samu amsa ba tukuna, kada ya taɓa komi."

Ya danna. Rubutu ya gudu a allo, ya tsaya, wani ɗan abu ya yi ta juyawa. Can sai layuka suka fito a jere. Mataimakin ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya gyara, jar alamar kuskure da ke gefe ta ɓace. Rashidu ya sake gwadawa da wani harshen, ya sake da wani. Duk suka tafi.

"Ka gani, Baba?"

"Na ga ƙwari suna tafiya a allo."

"Ya ƙare ke nan. Saura su duba su karɓa."

Jimrau ya ce, "Madalla." Ya fita. Ranar ya ce kansa na ciwo, bai sha shayi ba.

Ba a daɗe ba suka karɓa. Shugabar aikinsu, wata mata mai suna Kausar, ƴar Damagaram da ke zaune a Yamai, ta kira ta ordinata, ta ce tana son gaida Baba. Rashidu ya fito da ordinatar ƙofar ɗaki, ya shimfiɗa tabarma. Jimrau ya sa babbar riga da hula, ya zauna a gaban allo kamar mai karɓar baƙon kasuwa. Ta rusuna da kai, ta yi masa gaisuwar rasuwa, ta tambayi gwiwoyi da zafi. Ya ga tana da ladabi.

Ta ce, "Baba, ɗanku ya yi mana aikin da ya gagare mu. Yanzu hanya biyu ce. Ko ya zauna nan Dakoro yana kula da abin da ya gina, ba mu da matsala. Ko ya dawo Yamai mu ba shi mutane, ya shugabance su, su haɗa mana sarbar sauran harsuna. Wannan sai yana nan tare da su. Ya ce ba zai yanke ba sai abin da kuka ce."

Rashidu ya juyo. "Baba, mi ka gani? In zauna ko in tafi?"

Ga tayin farko, kuma a gaban mai saye. Jikin Jimrau ya san abin yi tun kafin ya yi tunani. Ya kau da kai wajen aduwa.

"Ni mi zan yi da shi? Ƙaton mutum, ba noma, ba kiwo. Ya cika mini gida da waya. Ku ɗauke shi, ƴata, ko na samu in sha iska."

Kausar ta yi dariya, ta rufe baki da gyale. Jimrau ya kama sanda ya miƙe, ya kaɗe riga, ya nufi zaure. A hankali yake tafiya. Ya tsaya ya gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Ya tsaya ya kori kaza. Kunnensa yana baya. A bayansa suka juya Faransanci, muryar Rashidu ta ɗaga, suna magana da sauri. Ya kai bakin zaure, ya dafa bango. Ba wanda ya ce, "Baba, dawo." Ya fita waje ya zauna a dakali, rana tana dukansa, har aka kira azahar.

Bai karaya ba. Ya ce a ransa yaron bai san kasuwa ba, amma jini ne, zai sake tayawa. Ya daina neman aibu. Ya riƙa zama kusa da ƙofar ɗakin, yana tari don a san yana nan. Ya shirya amsarsa tsaf: zai yi shiru tukuna, ya murza gemu, sannan ya ce, "To, tunda ka matsa, zauna." Ya maimaita ta a ransa har ta yi santsi.

Rashidu kuwa ya shiga shiri. Ya yi magana da likita a kan maganin gwiwa. Ya kira ƴan'uwansa mata suka tsara zuwa bi da bi. Ya koya wa tsoho inda zai danna a waya in yana son ganinsa. Ya ce zai bar pano da bateri, fanka ta riƙa yi masa aiki. Komi ya tuna, ban da tambaya.

Hawwa'u ta zo ta same shi a gindin aduwa. Ta rage murya.

"Tsohon banza, ka ga abin da ka ja? Bari in je in gaya masa."

"In kin buɗe baki, kada ki sake taka gidan nan."

"Gidan da ba kowa ciki? Sai ka ci girman kanka da miya."

"Zai sake tayawa."

"Saurara," in ji ta, ta nuna ɗakin da haɓa.

Ya saurara. Rashidu yana ninke kaya, yana ƴar waƙa a ƙasan maƙoshi. Tun da ya zo Dakoro, Jimrau bai taɓa jin ya yi waƙa ba. Daga nan ya fara kallon ɗansa irin kallon da yake yi wa mutane a kasuwa, ba irin na uba ba. Ya ga yadda yake tafiya, ƙafa ba nauyi. Ya ga yadda yake dariya in abokan aikinsa sun kira, yana zana musu abubuwa a iska da hannu, suna gardama, suna katse juna. A nan gidan wa yake da shi? Tsoho ɗaya mai cewa ƙwari suna tafiya a allo. Jimrau ya ga dubban masu kaya a rayuwarsa. Ya san fuskar wanda ya riga ya samu cinikin da yake so, yana fatan kada a tayar da magana.

Ranar tafiya ta zo. Da safe mai mota ya tsaya a ƙofar gida, zai kai shi tasha ya kama ta Maradi. An ɗora jaka. Rashidu ya rataya ordinata a kafaɗa, ya zo ya durƙusa a gaban mahaifinsa a zaure.

Sannan ya ce, "Baba, ran nan a gaban baƙuwa ka yi magana. Yanzu mu biyu ne. In ka ce in zauna, wallahi sai in sauke jakar nan. Ba zan ji komi ba."

Ga shi ya zo. Amsar tana bakin Jimrau, a shirye. Ya murza gemu. Ya dubi ɗansa. Da gaske yake, zai sauke jakar, wannan ba shakka. Amma hannunsa yana riƙe da igiyar ordinata gam, har jijiyoyi sun fito. Mai mota ya taka wuta kaɗan a waje, idon Rashidu ya zame wajen ƙofa, ya dawo da sauri.

Jimrau ya miƙa hannu. Rashidu ya kama da hannu biyu.

"Na sallama," in ji tsoho. "Tashi, kada mota ta bar ka. Allah ya yi maka albarka."

"Baba..."

"Na ce tashi. Ka gaida ƴar Damagaram."

Bai raka shi waje ba. Ya ji an rufe ƙofar mota, ya ji ta tashi, ya bi ƙararta da kunne har ta haɗe da hayaniyar gari. Ya zauna a inda yake. Hannun da ya miƙa yana kan gwiwarsa, a buɗe.

Can Hawwa'u ta shigo. Ta dube shi, ta leƙa tsakar gida, ta dawo.

"Ya sake tayawa?"

"Ya sake."

"To mi ka ce?"

"Ba a tambayar dillali bayan an tashi kasuwa."

Ta buɗe baki za ta yi masa irin nata, sai ta fasa. Ta ja tsohuwar tabarma ta zauna a ɗaya gefen zauren, ta miƙe ƙafafu. Da rana ta take, ta tashi ta ce za ta je ta ɗora tukunya.

"Ki rage hatsin," in ji Jimrau.